Kwanon Kan Katanga

A duk unguwar Trikania babu abin da ya kai kwanon silbar nan zirga-zirga. Larai za ta cika shi da waina tana nason mai, ta miƙa wa maƙwabciyarta Celina ta kan katanga. Ita kuwa Celina, ina ita ina mayar da kwano wayam? Sai ta shaƙe shi da cincin ko soyayyar doya. Shekara da shekaru ana haka, har zani ya fara kasa zagaye ƙugunta.

Ran da jiri ya kwashe Celina a coci, aka yi asibiti da ita. Likita ba ta ɓoye mata komai ba.

"Mama, ƙibar nan ce ta jawo hawan jinin, ita ke cin gwiwoyinki, ga ciwon suga ya kusa. Akwai gado, akwai yawan zama, amma maiƙo da zaƙi su ne kan gaba. Ga magani. Ki rage soye-soye, ki riƙa tattaki."

Maganin bai dame ta ba, kwanon ne ya tsaya mata a rai. Larai ce ta zauna da ita lokacin da mijinta ya rasu, ita ta riƙa ba ta abinci a baki. Da wane ido za ta ce mata ta daina? Tsoro take kada zumunci ya mutu, tana kuma tsoron ita ta riga shi.

Washegari kwano ya leƙo, yana tururi. Celina ta karɓa, ta riƙe shi.

"Maman Nafisa, don Allah kada ki ji haushi. Likita ta hana ni."

Sai Larai ta fashe da dariya har da riƙe katanga.

"Wayyo Maman Derrick! Ni tun kafin azumi aka hana ni. Kunyarki ce ta sa nake ta tura cincin ɗinki, ina bin sa da ƙwayar hawan jini!"

Suka yi ta dariya har da hawaye. Ashe kara ce ta kusa kai su ƙasa su biyu.

Da safe kwanon ya sake haurowa, cike da kwaɗon zogale. Ta bayan katanga Larai ta ɗaga murya.

"Ci maza ki sa takalmi. Yau sai mun ga unguwar Kudenda da ƙafarmu."