Haris Zai Je Teku da Ƙafa

Haris ɗalibi ne mai haya a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro. A shekarar casa'in da shida ya ɗauko wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi: zai bi ayarin wasu Turawa su ratsa daji da ƙafa, tun daga duwatsu har bakin teku. Ya sayi taswira, ya sayi takalmi mai nauyin turmi. Bernard, jagoran tafiyar, sharaɗi ɗaya ya gindaya: kafin wata ya ƙare, kowa ya yi tafiyar wuni guda da jaka a baya, ba tare da ya hau komai ba. Wanda ya kasa, a gida za a bar shi.

Matsalar ita ce, mutanenmu na Greensboro ba sa ganin nasu a ƙasa su wuce.

Ranar farko ko unguwa bai bari ba Alhaji Abdussalam ya ci birki.

"Subhanallahi! Motarka ce ta lalace? Shigo."

"Alhaji, atisaye nake yi."

"To, shigo ka yi min bayani a ciki."

Wa zai yi musu da dattijo a bakin titi? Ya shiga. Mako na biyu abokinsa Shekari ne ya kwashe shi, har da ba shi lambar bakanike.

Asabar ta ƙarshe Haris ya gudu can bayan McLeansville, inda babu komai sai gonaki. Ya yi nisa, gumi na zuba, ransa fes. Sai ga Mama Angelina a mota, ta taso daga taron matan coci, ta ce ya shigo. Karo na farko a rayuwarsa, ya ce wa babba a'a.

Ba ta yi fushi ba. Ta ajiye mota, ta gyara ɗankwali, ta ce, "To mu je in taka maka, ɗana." Ga ciwon gwiwa, ga takalmi mai tsini. Bai iya jure ganin ɗingishinta ba. Shi ya tuƙa ta gida.

Ayari ya tafi ba shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya daina fita.

Da Alhaji ya ji labari, tausayi ya kama shi. Ya zo da sassafe ya sa Haris a mota, ya kunna kaset, bai tsaya ba sai bakin ruwa.

"Ga tekun nan," in ji Alhaji. "Ko azahar ba a yi ba. Ai da ka faɗa tun farko."

Haris ya dubi ruwan, ya dubi takalminsa, ko ƙura bai ɗauka ba.

"Na gode, Alhaji," ya ce.