Kawu a Bayan Ashana

Keken ɗinki, kansa daban, ƙafafunsa daban. Fanka mai tsaye. Agogon bango. Tukwane, ƙarama a cikin babba. Bokiti cike da takalma. Katifa ɗaure a kan rufi. Gwaggo a gaba, rungume da madubinta. Kawu a baya.

Duk wannan a cikin motata, wadda 'yan gidanmu suke kira Ashana, wai girmanta bai wuce na kwalin ashana ba. Ƙofa biyu gare ta. Mai son zama a baya sai an kwantar masa da kujerar gaba ya sunkuya ya shige.

Muna tsaye a danja. Ranar ce Gwaggo take ƙaura daga tsohon gidanta zuwa sashen da Yaya ya gyara mata a gidansa. Babbar motar Yaya ba ta shiga lungun tsohon gidan, don haka tun safe Ashana ke jido kaya zuwa bakin titi kamar tururuwa. Babbar ta cika ta tafi. Abin da ya rage, har da mutum biyu, ya zama nawa.

Ranar ce kuma ta ƙarshe ga Ashana a hannuna. Mun gama magana da Yaya: da an sauke kayan nan zai miƙo mini makullin babbar motarsa, in miƙa masa nawa. Musaya kawai, ba ciko. Ya ce tausayina yake ji.

Na sayi Ashana ne bayan na dawo daga karatu a ƙasar waje. A can inda na zauna, ƙaramar mota alamar hankali ce. A nan alama ce ta an je an dawo hannu Rabbana. Ranar da na kawo ta gida Umma ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce, "Auta, sauran motar fa? Sai jirgi na gaba?"

Tana da kirkinta. Mai kaɗan take sha, har mai zuba mai ya taɓa tambayata ko na janareto ne. Duk inda aka bar gurbin baro, ta samu wurin fakin. Amma in tirela ta wuce mu sai ta yi rawa. Ramin da babbar mota take takawa ba ta sani ba, Ashana sai ta sauka ciki ta gaisa da mutanen gidan. In aka yi ruwa mai yawa, ni da ita gefe muke komawa mu jira titi ya tsane. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni ya faru ne a wurin aiki. Masu gadi suka taru suka ɗaga ta cak, suka kai ta gefe, don motar shugaba ta samu inuwa. Na fito na same ta bayan tankin ruwa, tana kallon bango kamar wadda aka yi wa horo. Da yammacin nan na ce wa Yaya na yarda.

Shigar Kawu baya ba laifina ba ne. Kawu ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, kuma a shekarunsa na ƙarshe an ba shi direba. Tun daga nan bai sake zama a gaban mota ba. A wurinsa gaba ta direba ce da ɗan aike. Babban mutum a baya yake zama, ya jingina, ya kalli gari. Yau ya zo ne wai ya sa ido a kan ƙaura, bai ɗauki ko cokali ba, kuma babbar mota ta tafi ta bar shi yana ba da umarni.

Na ce, "Kawu, da kun zauna a gaba. Bayan nan ba na mutane ba ne, na jaka ne."

"Ni ba yaron mota ba ne," in ji shi.

Gwaggo ba ta yi masa musu ba. Ita ce ma ta riƙe masa kujera. Ya shiga da kai, ya juya, ya zauna, gwiwoyinsa suka zo gaida haɓarsa. Hula ta ƙi rufi, ya cire ta ya ɗora a cinya. Muka cusa fanka a gefensa. Gwaggo ta shiga, ta tura kujerarta baya don madubi ya samu wuri. Aka ji wani abu ya ce ƙas. Ban bincika ba.

Danjar nan tana da jinkiri. Muna jira sai Kawu ya yi magana daga bayan fanka.

"Litinin tawa ce fa. Kada wani ya zo daga baya ya ce bai ji ba."

"Wa ya taɓa maka Litinin?" in ji Gwaggo. "Ni Laraba na ɗauka."

"Da safe nake so. Likitan ido ba ya jira."

"Kai dai ka shirya da wuri. Ba ka tsaya neman hula ba yarinya tana ƙofa."

Na ce, "Me ake rabawa?"

Gwaggo ta juyo, ita da madubin. "Ke."

Na kalle ta.

"Yayanki bai gaya miki ba? Ai ya tara mu. Ya ce daga gobe babbar mota tana hannun Auta, kowa ya ɗauki ranarsa tun kafin a yi rububi. Kawunki asibiti. Ni kasuwa. Talata da Alhamis yaran Yayarki ne, makaranta, kaiwa da ɗaukowa. Asabar ta Ummanku ce, kin san ta da gaishe-gaishe."

"Akwai kuma kujerun haya na ɗan wajena," in ji Kawu. "Wannan ba shi da rana. In an samu aiki zai kira ki."

"Ina da aikin ofis fa."

"An yi la'akari," in ji Kawu. "Shi ya sa nawa da sassafe ne."

"Lahadi an bar miki," in ji Gwaggo.

"An gode."

"Don ki wanke ta. Babba ce, tana cin lokaci."

Na riƙe sitiyari. Na tuna but ɗin motar Yaya. Ban taɓa ganinsa ba kaya ba, kuma ban taɓa ganin kayan Yaya a ciki ba. Buhun wani, keken ɗan wata, tayar da ba ta motarsa ba. Na tuna wayarsa da ba ta hutawa, da yadda yake kallonta kafin ya ɗauka, kamar mai kallon allura. Na tuna furfurar da ta fito masa ba lokacinta ba. Ni kuwa tun da na sayi Ashana ba wanda ya taɓa cewa in kai shi ko'ina, in ban da yau da lungu ya tilasta. Na ɗauka raini ne. Rainin ne kuwa, amma shi ya bar ni ina barcin Asabar.

Danja ta ba mu hannu.

Hanya biyu ce zuwa gidan Yaya. Ɗaya miƙaƙƙiya, sabuwar kwalta. Ɗaya ta bi bayan makarantu, inda kowace makaranta ta gina tudunta a titi don rage gudun motoci, kuma kowace ta so nata ya fi na maƙwabciyarta tsayi. Na sa sigina na shiga ta bayan makarantu.

"Ina za mu?" in ji Kawu.

"Gajeriyar hanya, Kawu."

A tudun farko kansa ya gaisa da rufi. A na biyu fanka ta sunkuyo ta sumbace shi a kunne. A na uku tukwane suka yi guɗa a but, agogon bango da ya daina aiki tun ina firamare ya buga.

"Ka ji," in ji Gwaggo. "Ya gyaru."

"Fankar nan tana dukana."

"Riƙe ta da kyau, ta fi ka tsada."

Ban yi gudu ba. Ba na wasa da ran mutane. Na dai bar Ashana ta faɗi gaskiya game da kowane tudu, ban rage mata komai ba.

"Auta," in ji Kawu, muryarsa tana tsalle, "ko da gayya kike yi?"

"Ƙaramar mota ce, Kawu. Komai tana ji."

"Ni ma ina ji."

Gwaggo ta ɓoye fuskarta a bayan madubi. Kafaɗunta suna rawa, kuma ba tudu ne ya sa ba.

Yaya yana ƙofar gida, makullin babbar mota yana lilo a yatsansa. Babbar tana bayansa, baƙa, tana ƙyalli. An wanke ta, an share but ɗin tas. A karo na farko na ga ƙasansa.

Gwaggo ta fita da madubinta. Na zagayo na ja maɗaurin kujera don in kwantar da ita Kawu ya fito. Ta ƙi. Na sake ja. Yaya ya zo ya ja. Ƙas ɗin nan da muka ji ɗazu, ƙarfen kujerar ne ya sauka daga layinsa ya cije. Ta gefen direba kuma fanka ta tokare, kanta ya maƙale a bayan kujerata, gindinta a ƙarƙashin ta Gwaggo.

"Ku fito da ni," in ji Kawu.

"Ana ƙoƙari, Kawu."

"Ƙafata ta mutu."

"Wacce?" in ji Gwaggo.

"Duka."

Maƙwabta suka fara fitowa shan iska. Mai shagon da ke kallon gidan ya bar ciniki ya zo ba da shawara. Ya ce a kira mai walda a yanke rufin. Na ce wanda ya taɓa rufin nan shi za a yanke.

Ƙofa ɗaya ta rage. Na buɗe but. Muka sauke keken ɗinki, kai da ƙafafu. Muka sauke tukwane, da bokiti, da agogo. Muka kwantar da rabin jinginar baya, muka zare fanka ta nan. Sannan Yaya ya kama hammata ɗaya, mai shago ya kama ɗaya, aka zaro Kawu da baya-baya kamar aljihun tebur. Shi ne kaya na ƙarshe da ya fita.

Ya tsaya da ƙyar, ya dafa bango. Ya sa hularsa. Ya gyara ta. Ya dubi jama'a, ya dubi Ashana.

"Ku shaida," ya ce. "Ƙafata ba za ta sake taka wannan gwangwanin ba. Duk wanda yake jin maganata a zuriyar nan, shi ma kada ya shiga."

Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

"Kin gani ko, Auta?" in ji Yaya. "Abin kunya a gaban mutane. Kawo makullin nan ki huta."

"Shiga ka gwada ta tukuna, Yaya. Kada ka zo ka ce na cuce ka."

Ya shiga. Bai nemi komai ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye inda ake tura kujera, kamar wanda ya daɗe yana nazarin wurin. Ya daidaita madubi. Ya waiwaya ya kalli kujerar baya, ƙanƙanuwa, matsattsiya, har yanzu da shatin Kawu a jikinta. Yadda ya kalle ta, haka ake kallon jariri.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ba tare da wannan kallon allurar ba.

"Firji? Kai, wallahi da na so. Motata ƙarama ce yanzu, ko kwando ba ta ɗauka." Maganar ta fito sumul, an sha maimaita ta a gaban madubi. "Nemi Auta. Ita ke da babba."

Ya kashe, ya jingina, ya lumshe ido.

Na ce, "Yaya, ɗan fito. Takalmina yana ƙarƙashin kujera."

Ya fito yana murmushi. Na shiga na zauna. Makullin dama bai bar hannuna ba.

Gwaggo ta zagayo ta ɗaya tagar, ta sunkuyo, ta rage murya.

"Laraba fa?"

"Mutum ɗaya, kwando ɗaya, Gwaggo."

"Haka nake so. A waccan, duk matan layi sai sun biyo ni, in yi ta jiran su suna taya atamfa. Zo da wuri."

Ban tsira gaba ɗaya ba kenan. Amma Laraba ɗaya ce a mako.

Yaya ya miƙo babban makullin. "Ina takalmin?"

"Yana ƙafata."

Ya dubi ƙafata. Ya dubi katifar da har yanzu take kan rufi, ya dubi Gwaggo, wadda ta ga wani abu mai ban sha'awa a sama. Wayarsa ta sake yin ƙara.

"Auta, mun yi magana fa."

"Kun yi, ku da yawa. Kwance katifar nan, kuma ka ɗauki wayarka, mai firji ne."

Na ja ƙofa ta rufu. Ƙarar ba ta fi ta murfin tukunya ba. Na sauke gilashi kaɗan, daidai yadda magana za ta fita makulli ba zai shigo ba.

"Ba musaya, Yaya. Ina nan da Ashanata."