Kwamfutar da Ta Ce Ta Cika

Sau huɗu Babba yana danna wa kwamfutar shagonsu ta sauke hotunan ɗalibai, sau huɗu tana kaiwa rabi ta tsaya, ta ce babu isasshen wuri. Ya buɗe ma'ajiyarta ya duba: giga ɗari uku da 'yan kai zaune fayau, ba komai a ciki. To ina cikar take?

Babba mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa kofin. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shagon ɗab'in nan tare da ƙaninsa Auta, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa a gemu. Babba ke kan kwamfuta, Auta ke kan injin bugawa da wuƙar yanka takarda. Kuma Babba yana da wata al'ada da yake alfahari da ita: duk aikin da ya sauke, sai ya jawo shi fuskar kwamfuta ya yi, kafin a rufe shago kuma ya share shi tas. A cewarsa, kayan mutane ne ke shigo da cuta.

Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne, in mai aiki ya dawo bayan wata guda yana son ƙari, Auta kan ce, "Yaya, ba ni wuri kaɗan." Ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, sai ga aikin ya fito. Aikin da Babba ya share da hannunsa! In ya tambaya, Auta ya yi murmushi ya ce a wani lungu ya tsinto shi. Sannan sati uku da suka wuce, Babba ya dawo daga sayo tawada ya tarar da shi tsugune bayan tebur, hannunsa a bayan kwamfuta. A ranar Babba ya canja kalmar sirrin kwamfutar, bai ce wa kowa uffan ba.

Yanzu ga shugabar makaranta zaune kan benci, jaka a cinya, tana jiran takardun shaidar yaranta da za a raba da yamma. Babba ya sake dannawa. Kwamfuta ta sake cewa ta cika.

Ya juyo a hankali. "Auta, zo nan."

Auta ya goge hannu da tsumma ya zo.

"Me ka ɓoye a cikin na'urar nan?"

"Yaya, bari baƙuwa ta tafi mu yi magana."

"A'a, a gabanta. Ruwa ba ya tsami banza. Tana nuna mini wuri, tana kuma cewa ba wuri. Wani abu ne a ciki da idona ba ya gani. Aikin wa kake yi a bayana? Shagon kanka kake haɗawa da mutanena?"

Shugabar makaranta ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jakarta.

Auta ya buɗe baki, ya dubi matar, ya rufe. Shirun nan ne ya gama tabbatar wa Babba cewa biri ya yi kama da mutum.

"Ka gani ko? Ba ka da ta cewa."

"Ina da ita, Yaya. Ba a nan ba ne."

"In ba a nan ba, to babu ita."

Auta ya ninke tsumman, ya ɗora kan injin. Ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye kusa da shi, ya ce wa baƙuwa ta yi haƙuri, ya fita. Babba ya ce wa kansa ai mai gaskiya ba ya gudu.

Ya aika aka kira mai gyara, wata mata mai tabarau da ke da shago a kwanar layi. Ita ma bai yarda da ita ba, domin ya taɓa ganin suna dariya da Auta. Ya tsaya a kanta kamar mai gadi.

"Malam, numfashinka yana dumama mini wuya," in ji ta. "Ja da baya mana."

Ta duba babbar ma'ajiya, lafiya lau. Ta duba kwandon shara, wayam. Ta share tarkacen wucin gadi, ta gwada saukewa, saƙon ya dawo.

"Akwai ɓoyayyun kaya," Babba ya ce. "Ki tono su."

"Na tona, babu." Ta shiga saitin manhajar da yake saukewa da ita, ta ɗan tsaya, ta ɗaga tabarau. "Kai, kayanka ba cikin kwamfutar suke sauka ba."

Ta tsuguna, ta zura hannu bayan akwatin kwamfutar, ta nuna masa. Wani ɗan filas ne na ajiyar bayanai da bai kai farcen yatsa ba, ƙura ta rufe shi.

"Nan suke faɗawa. Shi ne ya cika, ba kwamfutar ba. Kana jawo aiki daga cikinsa, kwafe kawai kake ɗauka, asalin yana nan."

"Na faɗa!" Babba ya tafa hannu. "Buɗe mu gani!"

Ta buɗe. Katin asibitin unguwa, rasit ɗin mai sayar da taya, kalandar ƙungiyar direbobi. Duk aikin shago ne, duk wanda Babba ya share ne. Babu ko ɗaya da bai sani ba. A gefe akwai 'yar takarda da aka rubuta ranaku a jere: duk ƙarshen mako an kwashe kaya zuwa wani faifai. Rana ta ƙarshe sati uku ke nan.

"Wanda ya yi wannan ya san aikinsa," in ji mai gyara. "Me ya sa ya daina kwashewa?"

Babba ya tuna ranar da ya canja kalmar sirri. Ya tuna hotunan wani mamaci da ya share shekaru biyu baya, iyalan suka dawo nema, Auta ya fita ya ce musu shi ne ya yi kuskuren. Ya dubi benci. Da Auta ya yi bayani ɗazu, da shugabar makaranta ta ji cewa mai shago yana zubar da kayan mutane kullum. Kunya ta kama shi.

Mai gyara ta kwashe kayan filas, hotunan ɗaliban suka sauka cikin minti biyu. Babba ya tsaya gaban injin bugawa, ya gane bai san tiren da ake sa takarda mai kauri ba.

Ya ɗauki waya ya kira Auta. Ta yi ƙara sau uku.

"Yaya," in ji Auta, muryarsa a kwance. "Tire na biyu. Ka sa ta fuska ƙasa, kar ka wuce ashirin a lokaci guda."

"Auta, na gani. Na ga komai. Ka dawo."



"Sai da bare ya buɗe maka ka yarda, Yaya. Ni da muka sha nono ɗaya na roƙe ka minti biyar." Ya ja numfashi. "Faifan yana cikin durowar ƙasa. Ka riƙa kwashewa duk mako."

Wayar ta katse. Shugabar makaranta ta dubi agogonta, Babba ya tsuguna ya jawo tire na biyu.