Auta a Hoton Dangi

Mai hoto ya kafa kyamararsa a tsakar gida, an jera benci a rana, tsohuwa ta hakimce a kujerar tsakiya kamar wadda za a rantsar. 'Ya'yanta da jikokinta duk sun hallara, za a ɗauki hoton da za a rataye a falo. Malama, matar ɗanta na uku, mai koyar da ilimin halittu a sakandare, tana ɗaki tana ɗaure wa 'yarta takalmi sai ga yayar mijinta a bakin ƙofa.

"Mama ta ce a bar Auta a ciki. Kin san rana ba ta yi mata."

Auta zabiya ce, shekararta huɗu, kuma tun jiya take gwada murmushi a gaban madubi. Malama ta san sarai ba maganar rana ba ce. Tun ranar da ta haihu take haɗiyar "ba a jininmu", ana faɗa ana kallon gefe. Yau kam maƙogwaro ya cika. Ta riƙo hannun yarinyar, ta ratsa ta gefen yayar suka fito.

Tsohuwa ta tsuke fuska. "Ba a gaya miki saƙona ba?"

"An gaya mini, Mama."

"To ni dai tun kakannina ban taɓa jin zabiya a zuriyarmu ba. Ki je ki binciki naku."

"Na bincika. Akwai a wajena, ban musa ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ta dubi tsohuwa ido cikin ido. "Kowane ɗa rabi yake gada daga uwa, rabi daga uba. Wannan ƙwayar gadon, in guda ɗaya ce a jikin mutum, lafewa take yi, ya rayu ya tsufa bai san da ita ba. Sai biyu sun haɗu take fitowa. Ɗaya tawa ce. Ɗayar ta ɗanki ce, shi kuwa ba a kasuwa ya sayo ta ba. Ko daga gare ki, ko daga marigayi Baba."

"Ke! Da Mama kike magana fa," in ji yayar.

"Har da ke, Yaya. Kowane ɗan Mama, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, canki-canka ne. A kowane taro, masu ɗauke da ita a ɓoye sun ninka zabiyan da ido ke gani nesa ba kusa ba. Ko kun cire Auta daga hoton nan, abin yana nan zaune a kan bencin nan, ya sha ado."

Wani ƙanin miji ya saci kallon bayan hannunsa, sai ka ce a nan zai gano ta. Mijin Malama kuwa, gwanin shiru, ya ƙura wa takalminsa ido. Wannan shirun nasa ya fi komai yi mata ciwo.

Auta ta ja zanenta, idanunta a ƙanƙance, har sun fara hawaye. "Umma, ba na gani."

"A abu ɗaya dai kuna da gaskiya," Malama ta ce, "rana tana damunta. To sai a koma inuwa." Ta ɗauki 'yarta ta nufi gindin katanga, ta tsaya ƙyam, su biyu rak. Ta riga ta yanke: in ba wanda ya zo, za ta sa mai hoto ya ɗauke su su kaɗai, ta kuma rataye da hannunta a falon.

Benci ya yi ƙara. Mijinta ne ya tashe yaran da ke kai, ya saɓa shi a kafaɗa, bai kalli kowa ba. Yara suka bi shi da gudu, iyayensu suka biyo yaran suna jan ƙafa. Aka bar tsohuwa ita kaɗai a rana, gumi na bin wuyanta.

"Sai ku ɗauko kujerar mana," ta ce can, "ko so kuke in narke?"

Da aka gama jeruwa mai hoto ya ce a saki fuska. Malama ta ɗaga Auta sama, sama sosai, har yarinyar ta rufe fuskar uwarta ɗungum. Mai hoto ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, ba a ganinki fa."

"Ɗauka a haka," ta ce.