Baƙin Mai a Tafki na Uku

Kifi ne ya fara tona asiri. Da Auta ya iso tafki na uku da safe, tarwadar da ya zuba don ta riƙa nuna masa lafiyar ruwa duk ta taso ciki sama, baƙin mai na ƙyalli a tsakaninta.

Auta ne mai kula da tafkunan da ke tace ruwan ƙazantar garin. Na farko wari, na biyu kore shar, na uku kuwa ya isa a shayar da lambu. Lambun da ke bakin magudanar na Inna ne, mahaifiyarsa. Kafin azahar latas ɗinta ya kwanta.

Dubagari ya zo, ya toshe hanci da hankici. "In na sake ganin mai a nan, zan rufe ruwan lambu, kai kuma ka nemi wani aikin."

Auta ya ɗauki ƙarfe ya bi murafan magudana yana ɗagawa, ɗaya bayan ɗaya, har sawun man ya kai shi ƙarshen layi: garejin Bakanike, mijin yayarsa. A ramin da ake shiga a duba ƙasan mota ya tarar da shi, yana tuttula man inji a bututu.

"Oga, ka kashe mini kifi. Ka kashe lambun surukarka."

Bakanike ya tuntsire da dariya. "Sarkin Wari da kansa! Ruwan kashi ne fa. Me baƙin mai zai ƙara masa? Ai turare na sa maka."

Masu jiran gyara suka kwashe da dariya. Auta ma ya yi murmushi, amma idonsa na kan farar motar Dubagari da ke jiran layi.

"Wannan fa, yaushe?"

"Gobe da hantsi, mai ita na tsaye a kaina. Za ka saya ne?"

Bututu ɗaya ke kwashe ruwan garejin da na gidan Bakanike, kuma ramin ya fi ko'ina zurfi. Auta ya leƙa cikin gida.

"Yaya, gobe kada ki bar komai a ƙasa."

Ta dube shi. Ita ma ɗazu ta ga Inna zaune a bakin lambu, hannu a kumatu.

"Gobe ina da wanki," ta ce. "Mai yawa. Har labule."

Washegari da hantsi Auta ya buɗe murfin da ke gaban garejin, ya cusa buhun yashi a bakin bututu, ya danna da ƙafa, ya zauna a inuwa. Yaya ta fara zubar da ruwa, baho bayan baho.

Bakanike na cikin rami, mota a kansa, Dubagari na tsaye da fararen kaya. Bututu ya yi gyatsa. Abin ya taso: ƙazantar gidansa, kumfar wanki, a sama kuma man da ya daɗe yana zubawa.

Bakanike ya ƙwalla ihu. "Ku ja motar! Ku ja motar, jama'a!"

Wa zai ja? Tayoyinta biyu ya riga ya kwance da hannunsa. Sai da ruwa ya kai masa ƙugu ya sulalo ta gefe, ya dafa wandon Dubagari ya miƙe.

Dubagari ya dubi shatin yatsu biyar na baƙin mai a farin wandonsa, ya shinshina. "Ashe kai ne. Garejin nan a rufe yake, sai ka kwashe tafki da hannunka."

Auta ya zare buhunsa, ya matso ya miƙa wa Bakanike bokiti.

"Haƙuri, Oga. Ruwan kashi ne kawai. Ka zo da wuri, kifin ya fara wari."