Maigadin da Aka Harbe a Minti na Huɗu

Garzali bai taɓa cewa yana jin Italiyanci ba. Abin da ya faɗa shi ne ya yi shekara biyu yana gadin gidan wani injiniya ɗan Italiya a unguwar Al Thumama da ke Doha. Mutane ne suka ƙarasa masa sauran, shi kuwa bai ga dalilin ƙaryata jama'a ba. Gaskiyar magana, kalma uku ya kwaso a gidan: ta gaisuwa, ta godiya, da wata da injiniyan ke faɗa in mota ta ƙi tashi, wadda ba ta dace da bakin mai alwala ba.

A masaukin ma'aikata da ke Sanaiya, 'yan ɗakinsu suna da al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci an ci shinkafa, sai a ja labule a sa fim, Garzali ya zauna gefen talabijin yana fassarawa kamar yadda yake yi a gidan kallo a Kurna kafin ya baro Kano. Kwana shida yana tsaye a bakin get yana ɗaga wa motoci hannu, ba mai sauke gilashi balle ya amsa. Awa biyun nan na Juma'a su ne kaɗai lokacin da yake magana a saurara, kuma yana son su fiye da yadda zai iya faɗa.

A wannan Juma'ar ya ɗauko wani faifai cikin tarkacen da injiniyan ya bar masa, tsohon fim na 'yan fashi da aka yi tun kafin a haifi kowa a ɗakin, in ka cire Baba Gado. Shi Baba Gado shekararsa goma sha ɗaya yana gadi a ƙasar nan, don haka rimot a hannunsa yake zama.

Fim dai ba a kashe masa komai ba. Hoton ya koɗe, baki na motsi murya na biye da shi a baya kamar akuyar da ake ja. A minti na huɗu 'yan fashi uku masu gashin baki suka zo shagon gwal, suka harbe maigadi, suka sure akwati. Nan ɗaki ya kaure, don mutum shida cikin takwas masu gadi ne.

"Dubi inda ya ajiye kujera!" in ji Baba Gado. "Ka ba titi baya kana karanta jarida? Wa ya koya masa aiki?"

"Shi kaɗai suka bari a duti, Baba," wani ya ce. "Laifin kamfani ne."

Munzali direba bai damu da maigadi ba, motoci yake kallo. Ya rantse cewa wadda aka koro shuɗiya ce, wadda ta faɗa rami kuwa fara, kuma ko inji babu a cikinta. Jinin ma, a cewarsa, tumatirin gwangwani ne. Da wani ɗan fashi da aka riga aka kashe ya sake bayyana da hular 'yan sanda, sai da aka mayar da fim baya sau biyu ana gardama ko tagwaye ne.

Garzali kuwa ya samu fage. Ya ga inda zuciyar ɗakin ta karkata, sai ya bi ta. Duk sanda sufeton 'yan sanda ya buɗe baki, a fassarar Garzali maganar maigadi yake yi. Ya ɗaga waya: "Yana cewa a rufe duk hanyoyin gari, an taɓa maigadi!" Ya shaƙe wuyan wani a mashaya: "Yana cewa, kai, ka san mutumin nan marayu huɗu ya bari?" 'Yan ɗaki suna ta "Allah sarki", suna cewa wannan sufeto ɗan halak ne.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, Mudasiru, ɗan zangon Kumasi mai gyaran esi, wanda aka kawo ɗakin kwana uku da suka wuce. Yana zaune a kan gadonsa ya toshe baki da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Garzali ya hango shi, ya ɗauka daɗin fassara ne, har ya ƙara murya.

Aka zo inda sufeto ke zaune da matarsa gaban kwanon taliya, yana ta zuba zance.

"Yana cewa, wallahi ba zan sa komai a bakina ba sai na kamo wanda ya kashe bawan Allahn nan," in ji Garzali.

"To ai ga shi yana ci," Munzali ya ce.

"Rantsuwar daga gobe za ta fara aiki."

Dariyar da Mudasiru ke dannewa ta ƙwace. Munzali, wanda dama ya daɗe yana neman inda zai kama Garzali, ya juya ya tambayi Mudasiru abin dariya.

"Chale, abokina, ba komai. Kawai na tuna Napoli ne, a Italiya. Shekara bakwai na yi can."

Esin ɗakin na aiki, amma Garzali ya ji zufa na bin bayansa. A duk faɗin Doha, a rasa wanda za a kawo masa ɗaki sai wannan? Baba Gado ya danna rimot, sufeto ya tsaya cak da taliya a baki.

"Ashe muna da malamai biyu," in ji Munzali, yana murza hannu. "Yalla, maza, Mudasiru, me mutumin nan yake cewa?"

Mudasiru ya dubi Garzali, ya sosa kai. Ba mugu ba ne, ya so ya zame. Sai da Munzali ya haɗa shi da Allah sannan ya yi magana.

"Yana faɗa ma matarshi taliyan ya dahu da yawa. Kuma ba ya son ƙanin matan ya ƙara zuwa gidan."

Ɗaki ya fashe da dariya. Munzali har da faɗowa daga gado, yana nuna Garzali yana kiransa farfesa. Garzali ya yi yaƙe, ya kafa wa ledar ƙasa ido. Ya san khalas, an gama. Daga yau ko fim ɗin Hausa ya fassara ba mai yarda.

Baba Gado kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "To a wayar fa? Da can mashaya? Me ya ce game da maigadin?"

"Baba, akwatin gwal suke nema."

"Na ji. Maigadin fa?"

Mudasiru ya yi ƙasa da murya. "Tun da ya faɗi, ba wanda ya ambace shi. Ko sau ɗaya."

Dariyar ta mutu. Ba wanda ya yi mamaki, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Wani ya shiga gyara maɓallin rigarsa, wani ya ɗauki waya ya ajiye bai duba ba. Ko Munzali ya koma ya zauna. Garzali ya miƙe a hankali ya laluɓi silifas, gara ya je ya tsaya a rana da ya zauna cikin wannan kunya.

"Ina za ka?" in ji Baba Gado. "An ce maka an tashi ne? Zauna. Maigadin nan, ya sunansa?"

"Baba, fim ɗin bai ba shi suna ba," Mudasiru ya ce.

"Ba kai nake tambaya ba."

Garzali da ke ƙera zance kamar ana tuya, sunan Italiya ko ɗaya ya ƙi zuwa masa, har na injiniyan ya ɓace. Mutum bakwai suna kallonsa suna jira.

Mudasiru ya sauko daga gado, ya zauna kusa da shi a ƙasa, ya kai baki kunnensa.

"Jennaro," Garzali ya ce. "Sunansa Jennaro."

Baba Gado ya maimaita sunan, ya gyaɗa kai, ya danna rimot. Sufeto ya haɗiye taliyarsa ya ci gaba da nuna matarsa da cokali. Garzali ya gyara murya.

"Yana cewa ki shirya da wuri, gobe za mu je mu yi wa matar Jennaro ta'aziyya."

"Haka ya kamata," in ji Baba Gado.