Kujerar Yaya Kamilu

Yaya Kamilu dogo ne, ni kuwa gajera. Shi ya koya mini tuƙi a filin bayan gidanmu a Kurfi kafin aiki ya kai shi Fatakwal. Ya bar mini tsohuwar motarsa, don in riƙa kai Baba gashin ƙafa Dutsin-Ma duk Alhamis.

Bayan tafiyarsa makunnin da ke matsar da kujerar direba ya mutu, kujera ta tsaya can baya inda ya bar ta. Nakan cusa filo biyu a bayana, duk da haka da yatsun ƙafa nake taɓa birki. Wata Alhamis shanu suka ratso titi, filo ya zame, saura kaɗan in buge maraƙi. Baba ya ce, "Sauda, ba zan ƙara shiga ba sai an gyara. Gara ƙafar ta sandare."

Ba na iya magana da maza, sai Gwaggo Larai ta raka ni wajen Malam Badamasi mai gyaran wayar mota a Dutsin-Ma.

"Malam, motar raƙumi aka ba bushiya," in ji Gwaggo. "Ka yi mata dabara."

Ya yi dariya. "Hajiya, sabon makunnin irin wannan ko Kano sai an sha yawo. Bari mu ga cikinsa."

Ya ɓalle shi daga gefen kujera, ya buɗe a kan benci. Ciki duk baƙin datti. Ya goge tagullar har ta yi haske. Yana cikin mayarwa, wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar dawa ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi.

"Innalillahi! In babu shi, babu makunni."

Ya durƙusa yana lalube. Ya ja maganaɗisu, ƙusoshi kawai ya kwaso. Gwaggo ta ce, "Ka ga likita ya yar da zuciyar marar lafiya!" Wannan karon bai yi dariya ba.

Na daɗe da magana a bakina. Da ƙyar na raɗa wa Gwaggo, "A aro rariya wajen mai waina."

"Faɗa da ƙarfi mana, ba a ɗakin surukai kike ba!"

Aka aro. Na durƙusa ina ɗiban yashin ina tankaɗewa kamar gari. A ɗiba na bakwai ƙwallon ya tsaya a tsakiyar rariya yana ƙyalli.

Malam Badamasi ya karɓa da hannu biyu. "Shekara talatin ina sana'ar nan, yau 'yata ta koya mini aiki."

Ya haɗa, ya mayar. Na ɗauka zai tsaya a kaina yana tambaya ko ya isa. Sai ya juya baya yana wanke hannu, ya ce, "Shiga ki danna da kanki. Ƙafarki ce ta sani."

Na danna. Kujera ta yi ƙugi, ta taho da ni a hankali har tafin ƙafata ya zauna daram a kan birki.

"Allah ya saka da alheri, Baba," na ce wa Malam Badamasi, da muryar da ya ji.

Ranar Alhamis Baba ya leƙo ta taga, ya sa na taka birki sau uku yana kallo. Sannan ya miƙo mini sandarsa, ya ce a buɗe masa ƙofa.